Sababbin Haƙoran Saje Mai Bigila

Duk wanda ya haɗu da Saje a hanya yanzu sai ya ja ya tsaya ya ce, “Kai, Saje, ka koma saurayi!” Shi kuma ya yi murmushi, haƙoran nan su fito farare tas, a jere reras, ya ce ya gode, ya wuce abinsa. Ni kuwa in ina kusa kau da kai nake yi, don na san yadda aka yi aka samu haƙoran, kuma da hannuna a ciki. Shi ya sa nake so in faɗi labarin da bakina, tun kafin masu gyara zance su gyara shi.

Shekara talatin da ɗaya muka yi tare da shi a aikin kwana-kwana. Ni ne Dogo, mai buga babbar ganga a badujalar ma'aikatarmu, shi kuma bigila yake busawa. Ba mu yi kama ta ko'ina ba. Ni bakina ba ya shiru, kuma zuciyata a kusa take, abu kaɗan na hau. Shi kuwa sai ka yini da shi bai yi maka magana goma ba. In babba ya tambaye shi yaya aiki, ko da wuta ce ke cin wandonsa, “Lafiya lau, ranka ya daɗe” zai ce. Amma ya ɗora bigilar nan a baki, to nan za ka ji mutum. Masu shaguna a tsallaken titi da busarsa ta safe suke buɗe ƙofa.

Ga wanda bai sani ba, bigila ba ta da rami ko maɓalli ko ɗaya da za ka danna. Bututun tagulla ne kawai aka lanƙwasa. Duk sautin da ka ji, na ƙasa da na sama, daga leɓen mai busa yake fitowa, leɓen kuma a kan haƙoran gaba na sama yake samun madogara. Haƙoran su gusa ko da kaurin farce ne, sautin ya tafi.

Yana da shekara arba'in da ɗaya aka kira mu gobarar wani sito na katako. Mesa ta kuɓuce wa wanda ke riƙe da ita, ta yi tsalle da ƙarfin ruwa, bakinta na ƙarfe ya sami Saje a fuska. Ni na ɗauke shi zuwa mota, jininsa har cikin takalmina. Haƙora shida suka zube nan take, sauran na saman kuma suka yi ta girgiɗi har likita ya cire su ɗaya bayan ɗaya. Aka yi masa na roba, irin wanda ake sawa a cire, mai faranti da ke manne wa ganɗa. Kowa ya ce shi da bigila sai dai kallo, har oga ya fara neman wanda zai gaje shi.

Saje bai sallama ba. Ya je kasuwa ya sayo ɗan ƙaramin magagari da sanfefa. Kullum in an tashi aiki sai ya zauna a kan benci a bayan gareji, ya ciro haƙoran, ya goga sau biyu ko uku, ya hure, ya mayar, ya busa. Bai yi ba, ya sake cirowa. Muka yi ta tsokanarsa muna ce masa kafinta. Sai da ya shekara biyu a haka. Ran nan da la'asar muna wanke mota muka ji sautin nan ya tashi daga bayan gareji, siriri, tsaf, har can sama. Wallahi soso ya faɗi daga hannuna, na ruga da kumfa na rungume shi, yana ta ce mini in sake shi zan ɓata masa kaki.

Kuma bai daina gyaran ba. Shekara ashirin da biyu yana taɓa nan, yana rage can. Sau uku ana yi wa farantin ciko ta ciki in ya yi sako-sako, amma gaban bai taɓa yarda wani ya sa masa hannu ba. In ka ga haƙoran sai ka yi dariya. Ɗaya ya fi ɗaya gajarta, na hagu ya ɗan karkace ciki, ga wata 'yar tsaga a tsakani, ga shayi ya rina su. Munana ne, ba zan ɓoye ba. Amma da su ya busa wa manyanmu biyar bankwana.

Da muka ajiye aiki, mu bakwai tsofaffi muka roƙi a bar mana wata rumfar kwano a bayan ma'aikatar. Duk Asabar da yamma muke haɗuwa mu yi abin da muka iya. Wani lokaci makaranta ta gayyace mu fareti, wani lokaci a kira mu sallamar wanda ya gama aiki. A shekarar da muka fara matarsa ta rasu. Sati biyu da rasuwar na gan shi ya shigo rumfar da bigila a hammata, na ce, “Haba Saje, ka huta mana.” Ya ce, “Dogo, in na zauna a ɗakin nan shiru zai kashe ni. Wannan ce kaɗai nake iya gaya wa abin da ke raina.” Ban taɓa jin ya yi doguwar magana irin wannan ba, sai kawai na ja masa kujera.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Ta yi karatun haɗa magunguna, tana da kantinta a kan babban titi, mai gilashi da na'urar sanyi. Yarinyar nan a hannuna ta girma. Ni nake ɗora ta a kafaɗa ta hango ubanta in ba na kan ganga. Baba Dogo take ce mini. Ban taɓa ganin 'yar da ke kula da uba kamarta ba, wannan gaskiya ce, dole in faɗa ko da raina ba ya so.

Shekara uku da suka wuce farantin ya fara ƙin zama. Ya yi magana ya zamo, ya yi tari ya zamo. Uwata ta kawo masa man da ake liƙa shi, ya riƙe na awa ɗaya ya saki. Nama ya gagare shi, ya koma burodi jiƙe a shayi da ayaba, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In ya gama busa sai in ga yana goge bakin bigilar a ɓoye, hankicin da jini. Ranar da abin ya kai maƙura muna tsakiyar filin wata makaranta. Ya ja numfashi zai hau sautin sama, haƙoran suka faɗo a ciyawa a gaban jama'a. Na ƙara wa gangar ƙarfi don idanu su dawo kaina, ya sunkuya ya ɗauka.

Sati bai zagayo ba Uwata ta kai shi wurin likitar haƙori, ni ma na bi su. Likitar mace ce, mai tabarau, ba ta gaggawar magana. Ta ɗauki hoton ƙashin fuskarsa ta haska mana a allo. Ta ce ƙashin da ke riƙe haƙori, in haƙorin ya bar shi, zaizayewa yake yi a hankali, kuma danna shi da faranti shekara da shekaru yana ƙara cinye shi. Na Saje ya ƙare kamar guntun sabulu. Babu tudun da faranti zai kama, babu kaurin da za a kafa ƙusar dashe irin ta kowa. Abin da ya rage shi ne dogayen ƙusoshi guda huɗu da za su wuce can sama su kama ƙashin kunci, a ɗaure sababbin haƙora a kansu, ba cirewa, ba faranti. Uwata ta yi tambaya ta fi ashirin, har da rubutawa. Saje ɗaya ya yi.

“Likita, zan busa?”

Ta ce busa me? Ni na yi mata bayani, don shi ba zai yi ba. Ta sa safar hannu ta karɓi tsohon farantin haƙoran, ta jujjuya shi a ƙarƙashin fitila, ta ce, “Wa ya yi wannan aikin?” Na ce ga shi nan zaune. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, “Baba, ba zan yi maka alkawari ba. Amma idan mai haɗa mana haƙora ya sami wannan ya kwafi gabansa daidai, tsawon da karkatar da tsagar duka, ina sa rai leɓenka zai tarar da abin da ya saba da shi. Ranar aiki, da ka cire shi, a kai masa.” A hanyar gida har lemo Saje ya saya mana.

Ranar aikin da safe, an sa masa rigar asibiti, yana zaune a bakin gado. Ya ciro haƙoran, ya wanke, ya naɗe a auduga, ya sa a wani gwangwanin alewa, ya miƙo mini. Bakinsa ya lotsa, maganar ba ta fita sosai, amma na ji. “Dogo, hannu da hannu.” Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ɗakin haɗa haƙoran yana can wani gefen gari, mota biyu za ka shiga. Aka tura shi ciki, na fito baranda ina ɗingishi, don gwiwata ta dama ta tashi a makon. Sai ga Uwata.

“Baba Dogo, ina za ka da wannan ƙafar? Kawo, da mota nake. An ce aikin awa huɗu ne, yanzu zan je in dawo.”

Na ba ta. Me zai hana in ba ta? 'Yarsa ce fa. Har godiya na yi mata, ni wawan, na koma na miƙe ƙafa a kan benci.

Aiki ya yi kyau. Fuska ta kumbura sati biyu, kumburin ya sace. Aka sa masa haƙoran wucin gadi, aka ce wata shida kada ya takura musu har ƙashi ya kama ƙarfen. Ya bi doka yadda ya saba bin doka. Yakan zo rumfa ranar Asabar ya zauna, bigila a cinya, yana goge ta. Duk komawa asibiti Uwata ke kai shi, ita ke magana, shi nasa “Lafiya lau, Likita.” Ranar da aka gwada masa na dindindin, ya gaya mini daga baya, ya kalli madubi ya ga sun yi masa tsawo, sun kuma miƙe sambal. Likita ta leƙa ɗakin gaba, sai ya tambayi Uwata, “Daga tsohon aka kwafa kuwa?” Ta ce, “An kwafa, Baba, launin kawai aka gyara. Bakinka ne bai saba ba.” Ya ce to.

Ranar da aka ɗaure su Uwata ta saya masa tuffa a bakin asibiti, ya gatsa, ta fashe da kukan murna. Kafin ka ce me kumatunsa sun ciko. Nama, gyaɗa, gasasshiyar masara, babu abin da ya gagare shi. Ni ma na yi murna, Allah ya sani.

Asabar ta farko bayan cikar wata shidan muka cika rumfa, har da masu gadi. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ɗora bigilar. Fuuu. Iska kawai. Ya gyara, ya sake. Wani sauti ya fito kamar ƙofar da ta daɗe ba a sa mata mai ba. Babu wanda ya yi dariya. Na ce, “Wata shida ai ba kwana shida ba ne, leɓe ne ya yi barci, zai farka.” Ya gyaɗa kai ya zauna.

Bai farka ba. Wata biyar yana fama, safe da yamma. Sautin ƙasa yakan ɗan fito a shaƙe, na sama ko alamarsa. Haƙoran suna yanka masa leɓe ta ciki. Ga su a ɗaure da ƙarfe, ba dama ya ciro ya goga, kuma an ja masa kunne cewa in ya sa musu magagari tsagewa za su yi. Da farko kansa ya zarga, ya ce tsufa ne. Ni kuwa likitar na ɗora wa. Na zage ta a rumfa, na zage ta a wurin mai shayi, na ce daɗin baki ta yi mana ta cuce mu. Saje ya ce in bari, ai ta ce ba ta yi alkawari ba. Amma na ga yadda yake haɗiye maganar, shi ma ya ji an yaudare shi.

Da shekara ta cika aka kira shi dubawa. Ranar ta zo daidai da zuwan masu binciken kantunan magani, Uwata ba ta samu fita ba, sai ni na raka shi. Kafin mu ga Likita, wata nas ta zaunar da mu da takarda a hannu. Ta ce duk wanda aka yi wa irin wannan aikin suna tambayarsa yadda ya gamsu, daga ɗaya zuwa goma.

“Tauna abinci, Baba?”

“Goma.”

“Yadda suka yi maka kyau?”

“An ce goma.”

“Magana tana fita?”

“Tana fita.”

“Suna motsi? Suna ciwo?”

“A'a.”

Haka ta yi ta yi har ƙasan shafi, tana ta murmushi, ta ce ai Baba yana cikin waɗanda suka fi kowa gamsuwa a bana. Saje ya leƙa takardar ya ce, “Tambayoyin ke nan duka?” Ta ce ke nan. Ya ce, “To, madalla.” Nan fa na ji wuta ta taso mini tun daga ciki.

Muna shiga wurin Likita ban ko zauna ba. Na ce, “Likita, kun ba kanku goma, to mutumin nan shekara guda ke nan bai busa ba. Kin ce za a kwafi tsohon. Wannan ne kwafin? Ko makaho ya shafa ya san ba shi ba ne!”

Ta cire tabarau ta dube ni, ta dubi Saje. Ta jawo fayil ta buɗe. Ta ce, “Tsohon bai taɓa zuwa hannunmu ba, Baba. Washegarin aiki 'yarka ta zo ta ce ka sake shawara, ka ajiye busa, haƙora masu kyau kake so. Ita ta zaɓi waɗannan daga cikin samfur. Ga sa hannunta.”

Saje ya juyo ya kalle ni. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ce, “Na ba ta, Saje. Ƙafata ce ke ciwo, ta ce za ta kai.”

Likitar ta ce wa Saje, “Ni ma da laifina. Da bakinka ka tambaye ni, ya kamata da bakinka in ji ka fasa. Ka yafe mini.” Matar da na yi wata biyar ina zagi ke nan. Sannan ta ce abin bai ƙare ba. Ƙusoshin sun kama daram, haƙoran kuma da noti aka ɗaure su, ana iya kwancewa a yi wasu. In tsohon yana nan, a kawo, za ta tsaya da kanta a kwafe shi. Saje ya ɗago kai ya gyara zama.

Nan ne na tafka kuskuren da ya fi na farko. Saje ya shiga banɗaki, ni ina baranda ina huci. Maimakon in jira shi, sai na zaro waya na kira ta. Na wanke ta tas. Na ce ta ci amanata, ta mai da ni abin wasa, ta yi wa ubanta ƙarya ido da ido. Na ce, “Asirinki ya tonu, kuma Allah ya fi ki, Likita ta ce za a kwance a sake. Ki fito da gwangwanin nan ki ajiye, ga mu nan zuwa!” Ta ce, “To, Baba Dogo.” Na kashe wayar ina jin na yi bajinta. Da ya fito ban gaya masa na kira ba.

A cikin bas Saje ne ya yi ta ba ni haƙuri, ka ji fa. Ya ce, “Yarinya ce, Dogo. Ta ga ubanta da munanan haƙora tun tana ƙarama, ta so ta gan shi da masu kyau. Ba ta san aikin da tsagar nan take yi ba. In mun je kada ka ɗaga mata murya. Zan ce kawai ta ba ni ajiyata.” Ya ce ya san halinta, ba ta zubar da komai, ko kwalba ce ta ƙare sai ta wanke ta adana. Yana magana yana taɓa leɓensa da yatsa. Ni dai na mai da idona kan taga.

Muka tarar masu binciken sun tafi. Ta sallami mai saye ɗaya da ke wurin, ta ja ƙofa ta rufe, ta shigar da mu ɗan ɗakin baya inda take ajiye kwalaye. Gwangwanin yana kan tebur, a buɗe. Kusa da shi ga ɗan turmin ƙarfe da take niƙa ƙwayoyin magani a ciki. Farantin ya rabu gida huɗu. Haƙoran gaba kuwa babu su, sun zama tsaki a cikin turmin.

Saje ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Uwata, yaushe?”

Da ta ce tun bara ne, wallahi da ya haɗiye. Ko ƙaryar ce ta ƙare mata, ko kuwa ta gaji da ita, oho. Ta ce, “Ɗazu, Baba. Da Baba Dogo ya kira.”

“Shekara guda yana nan?”

“Yana nan, a durowa.”

“Kina ganina ina fama.”

“Ina gani.” Hawaye ya zubo mata, amma muryarta ba ta yi rawa ba. “Ni nake wanke hankicinka, Baba, na san jinin da bigilar nan ta sha. Ita ta cinye maka ƙashi. Yanzu ƙarfe huɗu ne ke riƙe da bakinka, in ka danna su suka saki, babu sauran inda za a kafa wasu. Na rasa Mama, ba zan zauna in ga ka koma burodi da shayi kana ramewa ba. Na san in na tambaye ka ita za ka zaɓa. Shi ya sa ban tambaya ba.”

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, “Likita ce ta ce za su saki?”

“Ba ta ce ba. Amma ba ta ce ba za su saki ba.”

“To.” Abin da ya ce ke nan. Ya nemi ta ba shi ambulan, irin 'yar ƙaramar da take zuba wa mutane magani. Ya tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya, ya karkata turmin ya kaɗe tsakin a ciki, ya ninke bakin. Ta ce, “Baba, ka yi mini faɗa mana. Ka zage ni.” Ya ce, “Allah ya yi miki albarka,” ya fita. Na sha jin ya sa mata albarka, amma ban taɓa jin ta fito da sanyi haka ba.

A bakin titi ya tsaya ya ce, “Kai ka kira ta.” Na ce ni ne. Ya ce, “Sau biyu ke nan, Dogo.” Da ya kwaɗa mini mari da ya fi mini sauƙi.

Washegari muka kai ambulan ɗin wurin mai haɗa haƙora. Ya baje guntayen a kan farar takarda, ya sa gilashin ƙara gani, ya girgiza kai. Ya ce farantin zai haɗu, amma ba farantin ake nema ba. Likita ta ce a yi na gwaji, Saje ya riƙa zuwa yana busawa ana ragewa har a dace. Ya yi mata godiya ya ce, “Wancan shekara ashirin da biyu ya ci, Likita, kuma a hannuna yake. Ba ni da wasu ashirin da biyun.” Tun daga makon ya bar zuwa rumfa.

Mutane suna cewa ai don ƙauna ta yi. Na yarda tana ƙaunarsa. Amma ni ban gane ƙaunar da za ta sa ka yanke wa babba hukunci a bayan idonsa ba, ka bar shi wata da watanni yana zargin kansa, alhali maganin yana cikin durowarka. Har yau ban taka kantin nan ba, maganin gwiwata ma wani wuri nake saye. Ita kuma kullum tana aiko masa da abinci, yana karɓa, yana ci, yana godiya. Ba ya gaba da ita. Sai dai in ta zo gidan rediyo yake kunnawa.

Satin da ya wuce na biya masa da safe. Yanzu mun fara gaisawa sama-sama, ya daina kau da kai in ya hango ni. Na same shi a tsakar gida a gaban madubi, da kofin ruwa da wani ɗan siririn buroshi da zare. Haƙoran nan tunda ba a cire su, sai an bi ƙarƙashinsu lungu-lungu, safe da yamma, in ba haka ba dasashi ya kumbura, ƙarfe ya saki. Yana yi a natse, tsaf, yadda yake yin komai. Na kife bokiti na zauna, ina neman abin faɗa. Na ce, “Kai dai Saje, kana kula da haƙoran nan naka.”

Ya kuskure baki ya zubar. Ya ce, “Ba nawa ba ne, Dogo. Nata ne. Ita ta zaɓa, ita ta sa aka ɗaure mini, ko cirewa ba na iya yi in huta.” Ya ɗauraye buroshin, ya sake matsa masa magani. “Kullum sau biyu nake wanke mata su.”